Dutse a cikin hula: duba, camfi da mu'ujiza a addinin Mormon

A watan Agustan 2015 ne cocin 'yan Mormon ya tara 'yan jarida a birnin Salt Lake na jihar Utah a Amurka aka nuna musu hoton wani ɗan dutse. Ba zinare ba ne ba lu'ulu'u ba, dutse ne kawai mai ruwan ƙasa da ratsi-ratsi a jiki, sumul dashi, girmansa bai wuce ƙwan kaza ba, irin wanda in ka ganshi a bakin rafi ba lallai ka sunkuya ka ɗauka ba. Ga wata 'yar jakar fata da ake saka shi a ciki. Sai suka ce ai wannan shine dutsen da Joseph Smith, mutumin da ya kafa addinin, ya riƙa dubawa lokacin da yake fassara littafinsu mai tsarki, Littafin Mormon. Mu da muke waje abin bai dame mu ba, amma mabiya da yawa ranar hankalinsu ya tashi, saboda mutum ya tashi tun yana yaro a makarantar coci ana nuna masa zanen Joseph zaune gaban tebur ga allunan zinare a buɗe yana bin rubutu da yatsa kamar ɗalibi, kwatsam sai ga shugabanni da kansu suna cewa a'a, dutse yake sakawa cikin hula ya kifa fuskarsa a ciki.

To bari mu koma farko, don in ba a san garin da aka tsinci dutsen ba ba za a gane komai ba.

An haifi Joseph Smith a watan Disambar 1805 a jihar Vermont, iyayensa talakawan manoma ne da bashi da lalacewar amfanin gona suka koro su zuwa Palmyra a yammacin jihar Niyok yana ɗan shekara goma sha. Yankin a lokacin tafasa yake da wa'azi, yau 'yan Methodist sun kafa rumfa gobe 'yan Baptist jibi 'yan Presbyterian, kowa na cewa nasa ne daidai. Amma a ƙarƙashin wannan addinin na fili akwai wani abu da mutanen ƙauye suka gada tun daga Ingila da Jamus, wato imani da cewa akwai dukiya binne a ƙasa, ta 'yan fashin teku ko ta Sifaniyawa ko ta mutanen da, kuma akwai ruhin da ke gadinta. Ana fita haƙa ne da dare, a zana da'ira a ƙasa, a kakkafa sanduna, kuma sharaɗi shine kar wanda ya yi magana, in wani ya yi subul da baka wai sai akwatin ya zame ya ƙara nutsewa cikin ƙasa. Kaga kenan kullum akwai uzuri a hannu in ba a samu komai ba. Mai nuna inda za a haƙa shine mai dutsen duba. Kuma fa ba 'yan iskan gari ne ke wannan ba, manoma ne masu zuwa coci ranar Lahadi, wani maƙwabcinsu Willard Chase jagoran aji ne a cocin Methodist amma 'yar uwarsa Sally tana da wani koren gilashi da take duba dashi mutane na zuwa wajenta. A wajensu ba su ga karo tsakanin abubuwan biyu ba, kamar dai yadda za ka ga mutum a sahun gaba amma in akuyarsa ta ɓata ya san gidan da zai bi da yamma.

A rijiyar gidan su Chase ɗin ne wajen 1822 aka tono wani dutse lokacin da Joseph ke aikin haƙa, ya saka a hula ya leƙa ya ce yana ganin abubuwa. Joseph ya mallaki dutse fiye da ɗaya, akwai mai ruwan ƙasa akwai fari, masu tarihi ma sun rabu kan wanne ne na rijiyar. Sunansa ya fita a matsayin yaron da ke gano abin da ya ɓata, har a 1825 wani dattijo mai abin hannu, Josiah Stowell, ya yi tattaki ya ɗauke shi aiki don neman wata ma'adanar azurfa ta Sifaniyawa da ake cewa tana kusa da Harmony a jihar Pennsylvania. Ba a samu ko ƙwandala ba. Abin da Joseph ya samu a wannan tafiya shine mata, don a gidan da suka sauka ya ga Emma Hale, ubanta ya ƙi saboda a ganinsa saurayin bashi da sana'a sai duba, suka gudu aka ɗaura aure a Janairun 1827. Shi kansa Joseph bai musa aikin ba, a 1838 da yake amsa tambayoyi a jaridar cocin ya ce eh ya yi haƙar kuɗi amma harkar ba ta da riba, dala 14 yake samu a wata.

A watan Maris 1826 wani ɗan uwan Stowell da yake ganin ana cinye kuɗin tsoho ya kai ƙara, aka gurfanar da Joseph gaban mai shari'a Albert Neely a Bainbridge, ƙarƙashin wata dokar jihar da ta hana mutum ya riƙa cewa yana faɗin abin da zai faru ko yana gano kayan da suka ɓata. Abin dariyar shi Stowell da ake cewa an cuta shine ya miƙe ya ba da shaida cewa yaron na gani da gaske. Har yau ana gardama kan yadda zaman ya ƙare, wasu su ce an same shi da laifi an barshi ya sulale, wasu su ce an sallame shi. An jima wasu masu kare cocin suna cewa ma ba a yi shari'ar ba ƙagen maƙiya ne, sai a 1971 wani fasto mai bincike Wesley Walters ya tono takardar kuɗin aikin alƙalin a ɗakin ajiya na ƙasan gidan yari a Norwich, ga sunan Joseph Smith an rubuta masa laƙabin mai duba gilashi, kuɗin zama dala 2.68. Daga nan gardamar ko an yi ta mutu.

Yanzu ga inda zaren ya sarƙe. A daidai waɗannan shekarun ne Joseph ya ce mala'ika mai suna Moroni ya zo masa, a watan Satumbar 1823, ya nuna masa wasu allunan zinare binne a wani tudu kusa da gidansu, ɗauke da tarihin wasu mutanen Isra'ila da suka ƙaura zuwa nahiyar Amurka tun kafin haihuwar Annabi Isa. Ya ce shekara huɗu yana zuwa tudun duk ranar 22 ga Satumba ana hana shi ɗauka, sai a 1827 aka bashi. Duba da kyau, abu binne a ƙasa, mai gadi wanda ba mutum ba, sharuɗɗan da in ka saɓa a hana ka, dare na musamman. Wanda bai yarda da Joseph ba zai ce ai wannan tatsuniyar masu haƙa ce aka saka mata rigar addini. Wanda ya yarda kuma zai ce Allah yana magana da mutum ne da yaren da yake ji, yaro ɗan ƙauye da ya saba da dutse sai aka bi ta dutse aka jawo shi daga neman kuɗi zuwa annabci, kusan haka masanin tarihi Richard Bushman, wanda shi ma ɗan cocin ne, ya karanta lamarin. Su kuwa tsofaffin abokan haƙarsa ba su yi shakkar akwai allunan ba sam, haushinsu shine an cinye musu kaso, mahaifiyar Joseph ta ba da labarin yadda suka ɗauko Sally Chase da koren gilashinta don ta gano inda aka ɓoye.

Joseph ya ce tare da allunan akwai wasu duwatsu biyu masu haske a ɗaure kamar tabarau, littafin da kansa yana kiransu masu fassara. Da su aka ce ya fara aiki a 1828, Martin Harris wani manomi mai kuɗi yana rubutawa. Matar Harris ta tsani harkar, ta ga gona na shirin tafiya, Harris ya matsa wa Joseph lamba sai ya bashi rubutun ya kai gida ya nuna, shafi 116, suka ɓata ba a sake ganinsu ba har yau. Joseph bai sake fassara wannan ɓangaren ba, ya ce an masa wahayi cewa maƙiya sun canza kalmomin suna jira ya sake su ce bai yi daidai ba. Masu suka kuwa kun san me za su ce. Bayan wannan, kusan duk waɗanda suka ga aikin da idonsu sun ce da ɗan dutsen nan mai ruwan ƙasa aka ƙarasa, wato Littafin Mormon da ke hannun mutane yau galibinsa ta cikin hula ya fito.

Kuma ba maƙiya ne suka faɗa ba, nan ne abin yake. Emma matarsa, a hirar da ɗanta ya yi da ita a 1879 dab da rasuwarta, ta ce tana zaune kusa dashi tana rubutu shi kuma fuskarsa na cikin hula da dutsen a ciki yana ta shifta awa bayan awa, ba littafi ba takarda a gabansa, kuma ta faɗi haka ne a matsayin hujjar cewa abin daga Allah ne, don a cewarta mijin nata a lokacin ko wasiƙa mai kyau ba zai iya tsarawa ba. David Whitmer, wanda a gidan ubansa aka ƙarasa aikin, ya rubuta a 1887 cewa Joseph na jan hular ya rufe fuska don kar haske ya shiga, sai wani abu kamar fatar rubutu ya bayyana a duhun, ga harafin asali ga fassarar turanci a ƙasa, ya karanta marubuci ya rubuta ya maimaita masa, in daidai ne sai rubutun ya ɓace wani ya fito. Allunan fa? Sau da yawa suna gefe a naɗe cikin ƙyalle, ba a ma buɗe su. Akwai wani labari da Harris ya bayar da tsufansa da ni yake bani dariya, wai sun fita hutawa bakin kogi ya tsinci dutse mai kama da na Joseph ya musanya a ɓoye, da aka dawo Joseph ya leƙa hula ya yi shiru can ya ce Martin lafiya, ko'ina duhu kamar Masar. Harris ya ce ya yi ne don ya toshe bakin masu cewa haddacewa Joseph yake yi.

Daga Afrilu zuwa ƙarshen Yunin 1829, da wani malamin makaranta Oliver Cowdery a matsayin marubuci, aka fitar da littafi mai kalma kusan 270,000. Harris ya jinginar da gonarsa kan dala 3,000 aka buga kwafi 5,000, ya fito a Maris 1830, ranar 6 ga Afrilu aka kafa cocin. Ko ka yarda ko baka yarda ba saurin abin a tsaya a duba ne, kuma shine babbar hujjar mabiya har gobe.

To amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina ba fassarar ba ce, abin da ya faru wata biyar bayan kafa cocin ne. Akwai wani Hiram Page, surukin gidan Whitmer, yana cikin mutum takwas da suka sa hannu cewa sun ga allunan sun taɓa. Shi ma yana da nasa dutsen, baƙi, sai ya fara leƙawa yana samun wahayi game da cocin yana rubutawa, kuma gidan Whitmer da shi kansa Cowdery suka gaskata shi. Me zai hana? Hanya ɗaya ce, dutse ne dutse ne. A Satumbar 1830 Joseph ya fito da wahayi, yana nan har yau a littafinsu na Koyarwa da Alkawura sashe na 28, cewa ba wanda aka naɗa ya karɓi umarni da wahayi domin coci sai Joseph shi kaɗai, kuma a je a gaya wa Hiram a keɓe cewa abin da ya rubuta daga dutsen nan ba daga Allah ba ne, Shaiɗan ne ke yaudararsa. Page ya sallama a taron coci, wani daga cikin mutanen farko ya ce daga baya an niƙe dutsen ya zama gari an ƙona takardun. Lura fa, wahayin bai ce duba dutse camfi ne ba, ba zai yiwu ya ce haka ba. Cewa ya yi wannan dutsen a hannun wannan mutumin ba shi da izini. Wato layin da ke tsakanin camfi da mu'ujiza ba a jikin dutsen aka ja shi ba, a kan wa ke da ikon magana aka ja shi, kuma daga wannan ranar addinin ya fara tashi daga taron masu gani da yawa zuwa coci mai annabi ɗaya.

Daga nan sunaye suka fara canzawa. Wajen 1832 zuwa 1833 aka fara kiran kayan fassarar Urim da Tummim, sunan wasu abubuwa da babban firist na Bani Isra'ila ke sakawa a ƙirji a Tsohon Alkawari, kuma sunan ya rufe duka biyun, da tabarau ɗin da ɗan dutsen duban, ta yadda mai karatu daga baya in ya ga Urim da Tummim ba zai taɓa kawo hula a ransa ba. Haka wani wahayi da aka yi wa Cowdery, a bugun 1833 yana maganar baiwarsa ta aiki da sanda, irin sandar da masu neman ruwa da ma'adini ke riƙewa, a bugun 1835 aka mayar da shi baiwar Haruna. Shi Joseph da aka nemi ya yi bayanin yadda aka yi fassarar a wani taro a 1831 cewa ya yi ba a nufi a faɗa wa duniya duk bayanan ba, abin da yake maimaitawa kawai shine da baiwa da ikon Allah. Dalilin bai da wuyar ganewa, a 1834 wani ɗan jarida Eber Howe ya buga littafi cike da takardun rantsuwa na maƙwabtan Palmyra suna ba da labarin haƙar dare, har da wanda ya ce an karɓi baƙar tunkiyarsa don a zagaya da jininta a wajen haƙa. Mutanen nan ba masoyan Joseph ba ne, wanda ya tattaro shaidar ma korarre ne daga cocin, dole a karanta su da taka-tsantsan, amma sun sa kalmar dutse ta zama abin gori.

Kuma dutsen ba kullum yake faɗa daidai ba ko a wajen masu shi. Whitmer ya ce an leƙa an samu umarni a tura mutane Kanada su sayar da haƙƙin buga littafin, suka je suka dawo hannu rabbana, da aka tambayi Joseph sai ya ce wani wahayin daga Allah ne wani daga mutum wani daga Shaiɗan. Whitmer na faɗin wannan ne bayan ya rabu da cocin, amma abin mamaki shi ƙorafinsa a juye yake, a ganinsa wahayin da aka samu ta dutse sune na gaskiya, lalacewa ta fara ne da Joseph ya ajiye dutsen ya koma magana da bakinsa kawai.

Dutsen kuwa bai ɓata ba. Joseph ya ba Cowdery, bayan rasuwar Cowdery a 1850 matarsa ta ba Phineas Young, shi kuma ya kai wa ɗan uwansa Brigham Young, wanda ya gaji Joseph a shugabancin cocin, a Utah, daga baya ya shiga ma'ajiyar shugabannin coci. A 1888 ma Wilford Woodruff, wanda daga baya ya zama shugaban cocin, ya ɗora ɗaya daga duwatsun Joseph a kan bagadi lokacin keɓe haikalinsu na garin Manti a Utah. Kenan manya sun san da shi sarai. Amma a ƙarni na 20 da cocin ke son a ganshi a matsayin addinin mutane masu kwat da lakatayi, masu jami'a da kamfanoni, sai labarin hula ya koma gefe. Joseph Fielding Smith, masanin tarihin cocin da ya zama shugaba daga baya, ya rubuta a shekarun 1950 cewa maganar an yi fassara da dutsen ji-ta-ji-ta ce. Ba za a ce an ɓoye kwata-kwata ba, don Russell Nelson, ɗaya daga manyan cocin a lokacin, ya kawo maganar Whitmer a mujallar cocin a 1993, amma masu zane ba su zana ba, kuma yaro abin da ya gani a bango yake riƙewa ba abin da ke shafi na sittin na mujalla ba.

Wannan kunyar ce wani ɗan damfara ya shiga ta cikinta. Mark Hofmann, dillalin tsofaffin takardu a Salt Lake, gwani ne wajen haɗa jabu, a 1984 ya fito da wata wasiƙa wai Martin Harris ne ya rubuta, inda maimakon mala'ika wata farar halitta mai kama da ƙadangare ce ke gadin allunan ta rikiɗe ta zama ruhi. Masana suka duba suka ce sahihiya ce, aka saya dala 40,000 aka ba cocin kyauta, har wasu manya suka fara neman yadda za su fassara ƙadangaren ya dace da aƙida. Da asirinsa ya kusa tonuwa saboda basussuka, ranar 15 ga Oktoban 1985 ya dasa bamabamai ya kashe mutum biyu, washegari na uku ya tashi dashi a motarsa bai mutu ba, a 1987 ya amsa laifi. Wasiƙar ƙarya ce, amma ta shiga ne saboda ta yi kama da gaskiyar da kowa a cikin masana ya sani ana kauda kai. A wannan shekarar ta 1987 Michael Quinn, malami a jami'ar cocin, ya fitar da littafi guda kan sihirin gargajiya a farkon addinin, a 1993 aka kore shi daga coci tare da wasu marubuta, kodayake ba wannan littafin kaɗai ne dalili ba. Sai intanet ta zo. A 2003 shirin barkwancin nan na katun South Park ya nuna Joseph da kai cikin hula, mabiya da yawa suka ce ƙarya ce irin ta masu izgili, bayan shekara goma a Disambar 2013 cocin ya wallafa maƙala a shafinsa yana tabbatar da hular da dutsen. Ka yi tunanin mutumin da ya yi shekara biyu yana yawon wa'azi gida-gida yana musa wannan magana. Da yawa cikin waɗanda suka fita cewa suke ba dutsen ne ya kore su ba, jin cewa katun ya fi malaminsu faɗin gaskiya ne.

Yanzu salon ya koma na rungumar abin. A 2016 Dieter Uchtdorf, ɗaya daga manyan shugabannin, ya rubuta a Facebook yana kwatanta dutsen da wayar hannu, wai in ɗan adam zai iya haɗa ƙarfe da gilashi ya karɓi saƙo daga nesa me zai hana Allah ya yi da dutse. Misalin na da daɗin ji amma ni a ganina bai warware komai ba, don waya kowa ya ɗauka zai ga saƙon, dutsen kuwa mutum ɗaya ne ke gani, kuma da wannan dutsen ne aka nemi azurfar Stowell ba a samu ba.

Duk wannan yana zaune ne cikin addinin da tun asali ya ce ƙofar mu'ujiza ba a rufe take ba. Cikin ƙa'idojin imaninsu goma sha uku, na bakwai yana lissafa baiwar harsuna da annabci da wahayi da ru'uya da warkarwa, kuma har yau za ka ga namiji ɗan cocin da 'yar kwalbar man zaitun da aka yi wa addu'a a maƙale jikin makullinsa don shafa wa mara lafiya, tare da cewa asibiti suke zuwa kamar kowa, likitoci ma sun yi yawa a cikinsu. Suna da labarin ranar 22 ga Yulin 1839 da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da mutane a bakin kogin Mississippi Joseph ya bi su yana tayarwa, har ya ba Woodruff jan hankicinsa ya je ya shafa wa wasu tagwaye. Suna da labarin 1848, damina ta farko a kwarin Salt Lake, wasu baƙaƙen ƙwari kamar fara suka sauko wa gonaki, sai ga tsuntsayen ruwa farare sun zo suna ci suna amayarwa suna sake ci, an gina musu hasumiya a 1913 kuma sune tsuntsun jihar Utah. Da masanin tarihi William Hartley, shi ma ɗan cocin, ya bi littattafan ajiyar mutanen lokacin a 1970 sai ya ga tsuntsayen dama a tsibiran tafkin suke zama, amayar da ɓawon ƙwaro ɗabi'arsu ce, sanyi da ƙarancin ruwa ma sun yi ɓarna, kuma da yawa cikin masu rubutu a shekarar ba su ma ambaci tsuntsayen ba. Tsuntsaye dai sun zo, sun kuma taimaka, labarin ne ya yi ta ƙiba da shekaru. Haka na ranar 8 ga Agustan 1844, bayan an kashe Joseph a gidan yarin Carthage, da Brigham Young ya miƙe yana jawabi a rikicin gado tsakaninsa da Sidney Rigdon mataimakin Joseph, a garinsu Nauvoo, mutane sama da ɗari daga baya suka ce sun ga fuskarsa da muryarsa sun koma na Joseph, amma rubuce-rubucen ranar ba su faɗi haka ba, kuma cikin masu ba da labarin har da Orson Hyde, ɗaya daga manyan cocin, wanda bai iso garin ba sai bayan kwanaki.

Irin wannan imani da mafarki da ishara shi ya kawo addinin har Najeriya ma kafin wani ɗan mishan ya zo, wani malamin makaranta a ƙasar Ibo, Anthony Obinna, ya ce ya yi ta mafarkin wani dogon gini, daga baya ya ga hotonsa a wata tsohuwar mujalla ashe haikalin Salt Lake ne, ya yi shekaru yana rubuta wasiƙa kafin a yi masa baftisma a 1978, yanzu akwai haikalinsu a Aba tun 2005 da Accra tun 2004.

Shi kuwa Willard Chase mai rijiya har ya ba da shaidarsa a 1833 yana kan bakansa cewa dutsen nasa ne, aro ya bayar. Ya ce a watan Afrilun 1830, watan da aka kafa cocin, ya sake tare Hyrum yayan Joseph ya ce a dawo masa da kayansa, Hyrum ya ce ba zai samu ba, Joseph ya yi aikin fassarar littafinsa dashi.